Takalmina Ɗaya Yana Sifen

Maigidana Sadiku,

Ya gida, ya amarya, ya mutanen Zariya? Mu a nan Hulme, ƙasar Turawa, sai godiya.

Na ji za ku hau jirgin ruwan yawon buɗe ido, irin wanda kawunka ya kai ni. To, in ya tsaya aka ce a dawo ƙarfe biyar, ba ya jiran kowa. Na haɗu da wata Bakatsiniya a wata kasuwa a ƙasar Sifen, muna gaisawa, ban kai ga jikokinta ba jirgi ya busa ƙaho. Da tsufana na ari na kare! Jirgi dai na samu, takalmi ɗaya na rasa.

Tunda ka gaji surutuna, gajarta gaisuwa. Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa. In kun biya can, duba min takalmin.

Kakarka, Ladi