Jirgin Alhamis

Zuwa ga Hayat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Sirin da karatunta. Tun da ba kya ɗaga wayata, na saka wannan takarda cikin kwalin dabinon da na ba Ammi Salah direba. Ko kin yaga takardar, ki ci dabinon, shi bai yi miki laifi ba.

Filin jirginmu yana nan yadda kika bar shi, sai abin da ya ƙaru na shiru. An janye jirgin Marseille. Saura na Tunis, shi ma ranar Alhamis kaɗai. Makon jiya fasinjojin da suka sauka ba su kai mu ma'aikata yawa ba. Mu 'yan kwana-kwana kullum sai mu wanke mota, mu gwada jiniya, mu zauna. Kyanwa ta haihu a kan sikelin kayan da kika yi shekaru kina tsaye a bayansa, kuma babu wanda ya kore ta. Mai shayi ya kwashe kujerunsa ya koma wajen leburorin sabon titi.

Titin kuwa ya iso bayan shingenmu. Kowa a gari yana murnar ranar da zai yi sammako ya ci abincin rana a bakin teku. Babu mai tambayar wa zai hau jirgi a lokacin. Kamfanin da ke aikin titin ya aiko yana neman direbobin tankar ruwa, na ce musu ba da hannuna za a haƙa kabarin wurin da ya ci da ni ba.

Umma tana tambayarki. Gidan ya yi mini girma.

Mijinki,
Munsif

*

Baban Sirin,

Wa alaikumus salam. Dabino ya iso, mun gode. A gaida Umma da jiki.

Na karanta labarin kyanwa, da na mai shayi, da na titi. Na juya bayan takardar ko akwai sauran magana, ban ga komai ba. Ka manta abin da ya sa ba na ɗaga waya? Ni ban roƙi a mayar da ni Tunis ba, cewa aka yi ko in tafi ko in ajiye aiki. Kai ma an ba ka wuri, ka ƙi saboda Umma, ban ga laifinka ba. Amma ranar Sallah, a gaban yayyena, muna cikin cin kuskus, ka dube ni ka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. To, na ji. Shi ya sa ban waiwayo ba.

A nan filin jirgin Tunis ba a zama. Layi ba ya ƙarewa, ƙafafuna kan kumbura kafin la'asar. Ɗakin da muka kama ni da Sirin, idan ɗaya tana salla sai ɗaya ta hau gado. Ranar Alhamis ni nake karɓar kayan masu zuwa garinmu. Ba na tambayarsu komai, su suke faɗa. Sun ce ka rame. Ka riƙa cin abinci, ba don ni ba.

Hayat

*

Matarmu Hayat,

Gaisuwa da fatan alheri. Zakiya ce, ƙanwar mijinki da kika manta da ita tun da kika zama 'yar birni. Na san Yaya ya yi wata uku bai rubuto miki ba, na kuma san taurin kanku ku biyu, sai ka ce jakai biyu a kan gada. Shi ya sa na sa baki, ko da zai yi fushi.

An sanar cewa daga ƙarshen Fabrairu babu sauran jirgi sai lokacin alhazai. An sallami rabin ma'aikata, har da shi. Ya yi mako bai leƙa ƙofar gida ba. Daga nan ya kawo mini Umma da kayanta, ya je ya karɓi tankar da ya rantse ba zai tuƙa ba. Yanzu aikinsa yayyafa ruwa a gaban katafila don ƙura ta kwanta. Kunya ce ta hana shi gaya miki.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kamfanin yana da rukunin ma'aikata a nan bakin gari, inda zai riƙa kwana a gidansa. Ya ƙi, ya ce a kai shi rukunin arewa, can wajen garin Ƙairawan, inda ake kwana a tanti cikin wannan sanyi. Mijina ya tambaye shi ko ya haukace ne. Sai ya ce, "Can ya fi kusa da ita."

Ni dai na faɗa. Ki aiko mini da mayafi irin na 'yan Tunis, ladan tsegumi.

Taki,
Zakiya

*

Baban Sirin,

Sallama da gaisuwa. Yaya sanyi? Zakiya ta gaya mini komai, kada ka taɓa ta.

Ban san me kake jin kunya ba. Mahaifina rijiya yake haƙa wa mutane har ya rasu, ka kuwa auri 'yarsa. Da na karanta takardarta a wurin aiki sai na shiga banɗaki, na daɗe ban fito ba.

Na sayi tikitin jirgin ƙarshe, na Alhamis ɗin ƙarshen wata. Shekarun nan duka ina sallamar mutane, ban taɓa sauka a filinmu a matsayin fasinja ba. Ina so in gan shi daga sama kafin a rufe. Idan za a ba ka hutu, to.

Hayat

*

Zuwa ga Hayat,

Assalamu alaikum. Na karanta takardarki a cikin tanka, na sake karantawa har mai katafila ya gaji da yi mini oda.

An ba ni hutu. Tsofaffin abokan aikina sun ce za su bar ni in shiga, in tsaya kusa da motar kashe gobara kamar dā. Mun shirya za mu yi wa jirgin feshin ruwa ta gefe biyu idan ya sauka, irin wanda ake yi wa manyan baƙi. Mutane za su zaci bankwana ake yi da jirgi. Ki zauna ta wajen taga.

Maganar ranar Sallah, ban iya rubuta ta ba. Na gwada, na ɓata takardu. Zan faɗa da bakina, a gaban yayyenki idan kina so.

A nan gonakin zaitun ne hagu da dama. Idan gari ya waye sarai nakan ga jirage can sama sun nufi Tunis, in ce wataƙila wani a ciki zai bi ta gabanki yau.

Sai kin sauka.
Munsif

*

Munsif,

Sallama. An soke jirgin. Mu huɗu kaɗai muka sayi tikiti, ni da kaina na buga wa sauran ukun waya na ba su haƙuri.

Kada ka tafi gida. Jibi Juma'a zan biyo Ammi Salah, ya ce zai ajiye ni daidai inda sabuwar kwalta ta tsaya, kusa da tantinku. Hutun mako ɗaya na ɗauka, ban ce na dawo ba. Ka share kujerar tankar, farin kaya zan sa.

Matarka,
Hayat