An Kaɗa Takenka a Gummi

Yaya Garba,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya zaman Ikko? Inna na gaishe ka.

Ran Juma'a munka tafi wasan makaɗa na damina a Gummi. Masu gurmi da kalangu sun burge ni ƙwarai. Sai mai gangar noma ya kaɗa takenka, wanda kake amsawa da kirari. Sau uku yana kaɗawa, fili ya yi tsit. Labbo, wanda ka tsere wa a gayya, ya miƙe ya ce, "Ku bar wahal da ganga, gidansu ba sauran namiji."

Ban san sa'ad da na amsa ba. Yanzu an haɗa ni gasar noma da shi nan da mako biyu, ni malamin makaranta da ban saba riƙe komai ba sai alli.

Da Inna ta ji, galmarka ta ɗauko ta aje mani bakin ƙofa.

Gaida Hajara da yara. Ka yi mani addu'a, Yaya, don da sunanka zan duƙa.

Ƙanenka,
Sani