Wufa Biyu, Kujera Ɗaya

Asabar, 4 ga Mayu

Ƙanena ya kawo mini tsohuwar wufarsa, sifikar nan mai fitar da bas kaɗai, dukan da ake ji a ƙirji. Ko kusa ba ta yi kama da tawa ba. Tawa ƙarama ce, a rufe ruf, dukanta gajere tsaf. Tasa ƙatuwa, ga rami a gindi, gefe ɗaya duk ya ɗaye. Maman yara ta leƙo ta ce, “Firij aka kawo mana?”

Don Baba na karɓe ta. Tun da muka ɗauko shi bayan faɗuwar da ya yi a banɗaki, kullum yana ƙule a ɗaki. Shekarun da ya yi cikin ƙarar injin masaƙa sun cinye masa kunne. Waƙa ba ya jin komai a cikinta sai idan dukan ganga ya taɓa jikinsa, kuma kujerarsa tana lungun taga, inda wufata ba ta kaiwa. Jiya ya ce Yaya, babbar ’yarsa, ta zo ta mayar da shi gidansa, wai zaman kurma a falon mutane ya ishe shi. Gidan da ba kowa a ciki. Idan ya sake faɗuwa fa?

Lahadi, 5 ga Mayu

Na jona ta. Kowa ya san biyu sun fi ɗaya, amma ban da a falona. Bas ɗin raguwa ma ya yi. Na cire, ya dawo. Na mayar, ya gudu. Raina ya ɓaci sosai.

Talata, 7 ga Mayu

Daga dawowa aiki nake jan akwatin nan daga bango zuwa bango. A bayan ƙofa, kwanukan cikin kabad suka kama rawa. Kusa da talabijin, maƙwabcinmu ya ƙwanƙwaso, da murmushinsa na mugunta: “Malam, injin niƙa ka buɗe ne? Mu kawo namu?”

Ba su dace ba, shi ke nan. Tawa ta buga ta yi shiru, waccan kuma tana nan tana jan gurnani a baya kamar wanda ya makara zuwa taro yana ta ba da haƙuri. Bayana kuwa sai a hankali.

Laraba, 8 ga Mayu

Baba bai fito ba yau. A ɗaki ya ci abinci.

Asabar, 11 ga Mayu

Na gano bakin zaren. A bayan ƙatuwar akwai ɗan makunni, gefe ɗaya an rubuta 0, ɗayan 180. Ashe a wasu wurare cikin falon, lokacin da ɗaya ke tura iska ɗayar ja take yi, sai su kashe juna. Makunnin ba ya kawar da mataccen wurin, matsar da shi kawai yake yi.

A 0, kujerata ta tsakiya lafiya lau, lungun Baba shiru. A 180, lungun Baba har hannun kujera yana kaɗawa, tawa kuwa kamar rediyon aljihu. Kujerar da na daɗe ina gyara mata zama, wadda ko yara sun san ba a taɓa ta.

Na ce Baba ya dawo tsakiya. Ya ce kushin ɗin ya yi ƙasa, gwiwarsa ba za ta ɗaga shi ba. Na ce to a jawo tasa. Ya ce, “Ka bar ni a tagata, nan nake ganin masu wucewa.” Taurin kan nan dai na san inda na gado shi.

Lahadi, 12 ga Mayu

Na sa 180, na lallabo shi ya fito, na kunna tsohon faifan da yake so. Ya zauna fuska a ɗaure. Da gangar ta shigo sai ya shimfiɗa tafin hannunsa a kan hannun kujera. Can na ga babban yatsansa yana bin kiɗan. Bai tashi ba har faifan ya ƙare. Na yi murna, har na shiga kicin don kada a gani a fuskata.

Dabara: idan zai fito, 180. Idan ya shiga, 0. Sai dai kowane juyi sai na durƙusa na zura hannu bayan akwati ina lalube cikin ƙura. Maman yara ta ce ko a zaman aurenmu ban taɓa durƙusa mata haka ba.

Alhamis, 16 ga Mayu

Na manta. Jiya da yamma na saurari nawa faifan a 0, na bar shi haka.

Yau ina wurin aiki Baba ya fito da kansa, ba wanda ya kira shi, karo na farko. Ya sa Maman yara ta kunna masa faifan. Ta ce ya ɗora hannu a kujera yana jira. Ya jira, ya jira. Sai ya tambaye ta, “Kin kunna kuwa?” Ta ce ta kunna. Ya ce, “To, ashe wannan ma ya tafi.” Ya zaci sauran jin da ya rage masa ne ya ƙare.

Ya koma ɗaki ya kira Yaya, ya ce ta zo ranar Lahadi da mota. Na shiga na yi masa bayani da ƙarfi, 0 da 180, har muryata ta dushe. Ya ce, “Kada ka wahalar da kanka, ɗana. Kayanka ne.”

Haushin kaina nake ji, da na akwatin, da na wanda ya ƙera makunnin a baya.

Juma’a, 17 ga Mayu

Ya fara haɗa jakarsa.

Lahadi, 19 ga Mayu

Yaya ta zo da hantsi. Ta tarar da shi a lungun taga faifai na juyawa, don na ce ba zan ɗauko jakar ba sai ya zauna sau ɗaya. Ta yi masa magana, ya ɗaga mata hannu ta dakata sai waƙar ta ƙare. Da ta ƙare ya ce in juya faifan in sa ɗaya gefen. Ta dube ni, na dubi silin. Da za ta tafi ya ce, “Bari mu ga wani satin.” Jakar tana nan a ɗaure, bai kwance ba.

Na bar makunnin a 180, na tura ƙatuwar wufar ta manne da bango, hannu ba ya shiga bayanta yanzu. Saboda bayana ne, durƙuson ya ishe ni.

Kujerata har yanzu ba ta da daɗin sauti, kuma har yanzu wufofin ba su dace ba. Na ɗauko ’yar kujerar kicin na ajiye a gefen Baba. Maman yara ta wuce tana ƙunshe dariya. Na ce mata nan ne kawai bas ɗin yake.