Mai Tare Miki Iska

Ya Hibatullah, hasken idona, dabinon ajwa na lambunan Ƙuba, inuwata idan rana ta take,

Sallama a gare ki, ko da yake cikin fushi nake wannan rubutu.

Kin tuna yammacin da muka zauna a gindin dutsen Uhudu, na karanta miki ɗan littafin da na samo lokacin da na yi direba a tseren kekuna na Al-Ula? Tarihin Wessel ne, ɗan tseren keke na ƙasar Holan, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gaban jagoran ƙungiyarsu, domin iska ta doki ƙirjinsa ta bar na wancan. Shi ke komawa baya wurin mota, ya cusa gorunan ruwa cikin riga, ya rarraba wa 'yan'uwansa. Ya karya kafaɗa, ya warke, ya koma bakin aikinsa. Har ya yi ritaya bai ɗaga kofi ba. A ranar, da gefen mayafinki kika share hawaye.

To me ya sauya? Ƙanwarki Zulaiha ta shaida mini cewa da Tahir mai saidaliyya, mai kantin maganin nan, ya zo zance gidanku, kin yi dariya kin ce ni ne ɗan Holan ɗinki, mai ɗauko ruwa. Mai ɗauko ruwa, ya Hiba! A gaban Tahir! Ina yake sa'ad da Umminki ke kwance a mustashfa, likitoci na kanta? Wa ya sha rana a layi don iƙamarki, takardar zamanki a ƙasar nan? Ban yi don a gode mini ba, wallahi, amma ban yi don a mai da ni abin nishaɗin baƙo ba. Kin ɗauki labarin da na ba ki amana kin yanke ni da shi, kuma duk da haka zuciyar nan, mara kunya, sunanki take kira kamar tattabarun Harami da asuba.

Littafin ya ce idan an hango ƙarshen tsere, mai tare iska kan kauce gefe, wani ya wuce ya ɗaga hannu. Na ja wa wurin layi da jan biro. A nan muka rabu da Wessel: ni ba zan kauce ba. Ranar Juma'a bayan la'asar zan je wurin yayanki Ubaidullah neman aurenki. Idan a'a ce, ki faɗa da bakinki, ina tsaye.

Naki, cikin fushi da bayan fushi, har a kwantar da ni a maƙabartar Baƙi'a,

Khalilu