Maɓallin Wuyan Rigar Baba

Anti, don girman Allah ki ba ni shawara, kaina ya kulle. Bana na gama jami'a, ina gida ina jiran aiki. Autarmu 'yar wasan kwaikwayo ce. A dandamalin makaranta ta fara, ta ɗan leƙa fina-finai, yanzu ta samu babbar fitowa a wani shirin talabijin mai dogon zango. Ni ce mai riƙe mata takarda: ina bakin gado ina karanta maganar sauran 'yan wasa, tana amsa tata. Na yi miji, na yi likita, har ɓarawo na yi. Takan ce muryata kamar ta mai sanarwar ɗauke wuta, amma ba ta yarda kowa ya karɓe ni.

Auta aro take yi a jikin mutanen da ta sani: tafiyar telan layinmu, tarin shugabar makarantarmu. A da, dariya muke yi. To a wannan shirin ta fito a matar aure mai jinya, sai ta aro Mama, Allah ya jiƙanta. Yadda take goge tabarau da gefen mayafi, da 'yar waƙar da take yi ciki-ciki kafin ta fara faɗa.

Da kyar Baba ya amince da wannan sana'a. Yanzu shi ke jawo kujera gaban talabijin, ya hana kowa motsi. Amma duk sanda ta yi wani abu irin na Mama, sai ya tashi ya fita. Ba zan faɗi abin da ban gani ba: bai yi faɗa ba, ban ga hawaye ba, kuma yana dawowa kafin talla ta ƙare.

A kashin shirin na makon gobe matar za ta rasu. Abu na ƙarshe da Mama ta yi a asibiti shi ne ta miƙa hannu ta ɓalla wa Baba maɓallin wuyan rigarsa, wanda kullum yake mantawa. Daga shi sai mu biyu a ɗakin. Auta ta sa wannan a wasan. Babu shi a rubuce, darakta ya yaba, an riga an ɗauka. A wuyan rigata ma ta yi bitarsa. Ta roƙe ni in yi shiru, tana tsoron Baba ya ce ta kai sirrin gida kasuwa, ya janye amincewarsa. Ga shi yana da hawan jini. Na yi tunanin in zare wayar talabijin in ce ta lalace, amma ban iya ƙarya ba, fuskata ke tona ni. Anti, yaya zan yi?

Daga Mai Riƙe Takarda

'Yata, ki bar wayar talabijin a inda take. Ko kin zare, washegari telan layinku zai ba Baba labari.

Auta ba ta yi laifi ba da ta tuna mahaifiyarta da abin da ta fi iyawa. Amma wannan maɓalli ba nata ba ne ita kaɗai, a wuyan Baba aka ɓalla shi. Bai kamata ya gamu da shi ba shiri, tare da duk mai talabijin.

Ba ke za ki faɗa masa ba, Auta ce. Ki ce mata ba za ki tona ta ba, ba kuma za ki yi ƙarya dominta ba. Ki raka ta, ku same shi da rana bayan ya huta ya sha maganinsa. Ta gaya masa abin da ta aro da dalilinta, ta nemi afuwar rashin tambaya, sannan ku bar masa zaɓi: ya kalla tare da ku, ko shi kaɗai, ko ya tsallake. In ransa ya ɓaci, ku ba shi lokaci.

Ke mai kiyaye gaskiyar magana ce, to ki duba abin da kika rubuto: yana fita, amma yana dawowa kafin talla ta ƙare. Mai fushi ba ya gaggawar komawa kujera. Ina zaton matarsa yake dawowa ya gani.

Ke ma an taɓa wuyan rigarki, ba ki ce min komai a kan hakan ba. Ranar nunin ki ajiye takarda, ki zauna kusa da Baba a matsayin 'ya. In ya manta maɓallin, ki ɓalla masa.

Allah ya jiƙan Mama, ya ƙara wa Baba lafiya, ya ɗaukaka Auta, ke kuma ya kawo aiki mai albarka.