Kalmar da Kika Ajiye wa Bintu

Zuwa ga yayata, Ya Falmata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan saƙo zai same ki, ko da yake ban san inda zan aika shi ba. Shi ya sa na sa shi a nan inda kowa zai gani, ko akwai wanda ya taɓa ganin ki.

Gobe za a ɗaura auren Bintu. E, Bintunki da kika bar mini a unguwar Limanti tana rigimar ba za ta sa takalmin makaranta ba. Ta gama karatun jinya, kuma ita ta zaɓo mijinta, wani yaron kirki ɗan unguwar Hausari.

Tun da aka sa rana kalmar nan taki ta hana ni sukuni: gorgeous. Ke da kike malamar Turanci, ba ki taɓa barin mu mu huta da ita ba. Kin ce ba kowane kyau ake kira da ita ba, sai wanda zai sa mai tafiya ya tsaya cak. Kin ce daga tsohon Faransanci ta fito, kuma ana jin asalinta sunan wani ƙyalle ne na ado da matansu ke sawa a wuya. Daga nan sai ki gyara wa mutum lafaya ta ƙarfi, kina cewa, "Kyan mace daga wuya yake farawa."

Kuma rowarta kike yi, wallahi. In na ci kwalliya na zo gabanki, sai ki kalle ni sama da ƙasa ki ce, "Ba laifi." Sau ɗaya kika taɓa faɗa mini ita, ranar aurena, shi ma sai da na yi fushi. Da kin ga yadda yaran yanzu ke watsa ta a waya, har kwanon shinkafa suna kira da ita, da kin kama bulala.

Ranar da za ki koma Bama ɗauko surukarki, lokacin da hanya ta fara lalacewa da hare-haren 'yan tada ƙayar baya, kin ba ni sarƙar murjanin Inna a ƙulle cikin ɗankwali. Kika ce, "Riƙe mini har in dawo. Ni zan sa wa Bintu ranar aurenta, ni zan faɗa mata kalmar." Daga baya an ga motar da kuka shiga a gefen hanya. Ku ne ba a gani ba.

Shekaru ke nan duk lokacin da aka ce sojoji sun ceto wasu mata daga daji, sai in hau keke mai ƙafa uku in tafi sansanin da ake ajiye su. Yunwa takan canja fuska, don haka wuya nake dubawa, ina neman tawadar Allah ɗin nan da ke ƙasan kunnenki na hagu. Na duba wuyan matan da ban san adadinsu ba. Wasu har ɗaga mini kai suke yi, sun saba da irina.

'Yan'uwa sun daɗe suna cewa in haƙura a yi miki addu'ar mamata. Na ƙi. Muddin ƙullin ɗankwalin nan bai kwance ba, a wurina kina hanya ne.

Yau da hantsi aka yi wankin kan amarya. Gida ya cika da turaren wuta da guɗa. Da aka gama naɗa mata lafaya, sai Bintu ta juyo ta miƙo mini wuyanta. Ashe yarinyar nan tana tsaye a bakin ƙofa ranar da kika yi maganar, kuma ba ta manta ba. Wuyanki ne sak, Ya Falmata.

Na kwance ƙullin. Na sa mata sarƙar. Ta ci gaba da kallo na tana jira, sai na faɗa mata kalmar, da wannan bakin nawa da kike yi wa dariya in ya kama Turanci. Ta cancanta, ko ke ba za ki ce "ba laifi" ba. Amma ina faɗa na ji wani abu ya mutu a ƙirjina, don na san na daina jiran ki.

In kina raye, Allah ya kare ki, ya nuna miki hanyar gida. In kuwa kin riga mu, Allah ya jiƙan ki, ya haskaka makwancinki, duk inda yake. Yau ce rana ta farko da bakina ya iya furta addu'a ta biyun.

Taki har kullum,
ƙanwarki Yagana