Amshin da Na Goge

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da gwiwar nan taka. Na rubuto ne tunda ka ce waya ba ta shiga kunnenka.

Kawu, an cire mini waƙata daga intanet, wadda na gina a kan muryar Mama. Daga kaset ɗin da na tsinta a akwatinta na yanko baiti ɗaya, na wanke shi tas a situdiyo. Na goge ƙarar fanka, na goge 'yan amshi, musamman wata mai azarɓaɓi da ke faɗowa kafin a sauke baiti. Mama kaɗai na bari, na ɗora kiɗa.

Sai ga takardar lauya. Wai wata tsohuwar zabiya ce ke da haƙƙin mallaka, wai ban nemi izini ba. Izini! Na muryar uwar da ta haife ni? Na karance dokar da kaina, har ƙananan rubutun da lauyoyi ke ɓuya a ciki. Na yi bidiyo na kira matar nan ɓarauniyar muryar matattu, kuma ko a jikina.

Kai ke raka Mama wurin ɗaukar waƙa. Ka rubuto mini shaida cewa muryarta ce.

Ɗanka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa da addu'a. Gwiwa da sauƙi. Bidiyonka kuwa har shagona aka kawo mini, ina tsakiyar ɗinki, aka ƙure murya don kada kurma ya rasa rabonsa.

Ba zan iya ba ka wannan shaida ba. Muryar da ka bari ta zabiyar ce. Mahaifiyarka ba ta taɓa jan waƙa ba, 'yar amshi ce a bayanta. Kana rarrafe ta rasu, ban ga laifinka don ba ka gane ba. Amma da ka tambaye ni kafin ka buɗe baki.

Matar da ka zaga ita ta goya ka a asibiti lokacin jinyar uwarka. Ka je ka same ta. Kada ka tafi da dokar.

Kawunka

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Na karanta, na ninke, na sake buɗewa ko rubutun zai canja.

Na cire bidiyon, amma ya riga ya zaga. A situdiyo ba wanda ya ce mini komai, ni da sun zage ni ma ya fi. Tun tasowata wannan murya nake kunnawa in na ji kewa. Ashe matar mutane nake yi wa kuka.

Na je. Tana zaune a falo, ƙafa cikin roba da ruwan ɗumi. Na durƙusa. Ta ce, "A'a, ɗan marigayiya ne? Ka ga matacciyar da na sace wa murya, ga ta tana jiƙa ƙafa."

Na ce, "Baba, ki yafe mini."

Ta ce, "Zagin bai dame ni ba, na sha wanda ya fi shi a bakin masu kuɗi. Abin da ya sa na kira lauya, na ji waƙata tsirara. Ina 'yan amshina? Wa ya ce maka datti ne?"

Lauyanta ya riga ya rubuta yarjejeniyar izini, tana kan tebur. Sharaɗinta ɗaya: in mayar da amshin, in kuma nuna mata uwata a cikinsu, sannan ta sa hannu. Ta kunna kaset ɗin. Kawu, na kasa. Muryoyi ne a cakuɗe, ni da nake taƙama da kunne. Ta ce in tafi in dawo in na san uwata.

Ba don waƙar nake roƙonka ba. Wacece a ciki?

Ɗanka mai jin kunya,
Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Sake saurara. Wadda ba ta jira a sauke baiti take faɗowa, ita ce. Zabiya ta yi faɗa har ta gaji, ba ta daina ba.

Da ganin bidiyonka na ce, to, ga ta nan a bakin ɗanta.

Kawunka